Limamin Timbuktu da Tarkon "Musulmin Kirki"

A watan Janairun 2015, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai ofishin jaridar Charlie Hebdo da wani kantin Yahudawa a birnin Paris, magajin garin Villiers-sur-Marne da ke gefen birnin ya dakatar da haska fim ɗin Timbuktu a sinimar garinsa. Hujjarsa ita ce kada matasa su kalla su ɗauki 'yan bindigar da ke ciki abin koyi. A lokacin bai kalli fim ɗin ba. Da aka yi masa ca, sai ya janye. Wata guda bayan haka fim ɗin ya lashe kyautar César har guda 7, wadda ita ce babbar kyautar fina-finai a Faransa, ya kuma shiga jerin fina-finan ƙetare biyar da suka yi takarar Oscar a shekarar.

Abin da ya sami fim ɗin shi ne abin da ke samun addinin mutanen da ke cikinsa. An ga rawani da bindiga, an yanke hukunci. Ga shi kuwa Musulmi ne ya shirya shi, Abdurrahman Sissako ɗan Muritaniya wanda ya tashi a Mali, kuma labarin Musulmi ne da 'yan bindiga suka mamaye garinsu. Shi ya sa muka zaɓe shi don mu auna tambayar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: shin an yi wa Musulunci adalci da ake kiransa addinin tashin hankali? Kuma ina ake ajiye Musulmin da bai taɓa ɗaga wa kowa makami ba idan an zo ba da labari?

Taurari biyu da aka saba da su

Kafin mu shiga Timbuktu, ya kamata mu san irin fina-finan da ya tarar a kasuwa. A 2001 wani malamin jami'a ɗan Amurka mai suna Jack Shaheen ya fitar da littafin Reel Bad Arabs, inda ya bi diddigin fina-finan Holiwud sama da 900 da Larabawa suka fito a ciki. Abin da ya samu shi ne mafi yawansu ɗaya ne daga cikin 'yan fuskoki kaɗan: attajirin mai da ba shi da aiki sai mata, ko ɗan fashin sahara, ko mai ɗaure da bam. Wanda ya kalli True Lies na 1994 ya san fuskar ta ƙarshe: mutum mai zare ido, mai ihu, wanda ba shi da uwa ba shi da gari, an halicce shi ne kawai don jarumi ya harbe shi 'yan kallo su yi tafi.

Da koke ya yi yawa, sai masu shirya fina-finai suka ƙirƙiro tauraro na biyu don wanke kansu. A fim ɗin The Siege na 1998, alal misali, abokin aikin jarumin Balarabe ne ɗan asalin Labanan da ke aiki da hukumar FBI. Irin wannan tauraro ya ci gaba da fitowa a shirye-shiryen talabijin kamar 24 da Homeland. Mutumin kirki ne, amma me ya sa labarin ya yarda da kirkinsa? Saboda yana ɗauke da katin shaidar hukuma, yana taya farautar ɗan'uwansa. Sau da yawa ma sai an nuna mana ya ɗan yi nesa da addinin, ba ya cika damuwa da salla, kafin hankalinmu ya kwanta da shi. Mahmood Mamdani, masanin nan ɗan Yuganda, ya raɗa wa wannan rabe-rabe suna a littafinsa na 2004, Good Muslim, Bad Muslim, ya kuma nuna cewa ma'aunin siyasa ne: Musulmin kirki shi ne wanda yake tare da mai ba da labarin.

Nan tarkon yake. Idan mugu shi ne mai riƙo da addini, na kirki kuma shi ne mai sakaci da shi, to labarin ya riga ya gama yanke wa addinin hukunci ba tare da ya furta ko kalma ɗaya ba. Mai kallo zai tashi da lissafin cewa gwargwadon Musuluncin mutum, gwargwadon haɗarinsa.

Kafafen labarai ma suna da nasu kason. A Afrilun 1995, da bam ya hallaka mutum 168 a birnin Oklahoma, masu sharhi a talabijin sun yi ta nuna yatsa zuwa Gabas ta Tsakiya kafin a kama Timothy McVeigh, farar fata tsohon sojan Amurka. Haka aka yi a Yulin 2011 a sa'o'in farko na harin Norway, kafin a gane Anders Breivik ne, wanda ƙiyayyar Musulmi ce ma ta tunzura shi ya kashe mutum 77. Wani bincike da Erin Kearns da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Justice Quarterly ya duba hare-haren ta'addanci a Amurka daga 2006 zuwa 2015, ya gano cewa harin da Musulmi ya kai yana samun rahotannin jarida fiye da na wanda ba Musulmi ba da kashi 357 cikin ɗari. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji Bahaushe. Amma a nan akwai waken da ake ɗagawa sama kowa ya gani, akwai wanda ake turawa ƙasan kwarya.

Abin da Sissako ya yi

Daga Afrilun 2012 zuwa Janairun 2013, birnin Timbuktu yana hannun ƙungiyar Ansar Dine da reshen al-Ƙa'ida na yankin Magrib. Sissako ya ce abin da ya tura shi shirya fim ɗin shi ne labarin wani namiji da mace da aka jefe har lahira a garin Aguelhok na arewacin Mali a Yulin 2012, bisa zargin sun haifi 'ya'ya ba aure, kuma duniya ba ta ko ɗaga kai ba.

Zaren labarin mai sauƙi ne. Kidan, wani Buzu makiyayi, yana zaune a tantinsa a bayan gari da matarsa Satima da 'yarsu Toya da yaron kiwonsu Issan. Wata rana saniyar da ya fi so, wadda ya raɗa wa suna GPS, ta faɗa cikin komar wani masunci mai suna Amadu, shi kuwa ya soke ta da mashi. Kidan ya tafi neman ba'asi da bindiga a jikinsa, aka yi kokawa a cikin ruwa, bindiga ta tashi, Amadu ya mutu. Kotun 'yan bindiga ta nemi diyyar shanu 40, shi kuwa 7 gare shi, kuma iyalan mamacin ba su yafe ba. A gefen wannan zare akwai ƙananan labaran mutanen gari, kuma a cikinsu ƙarfin fim ɗin yake.

Ana zagayawa da lasifika ana shelar dokoki: an hana kiɗa, an hana sigari, an hana ƙwallo, mata su sa safa da safar hannu. Wata mai sayar da kifi ta tambaye su yadda za a yi ta wanke kifi da safar hannu, da suka matsa mata sai ta miƙa musu hannayenta biyu ta ce su yanke. Wata mawaƙiya, wadda Fatumata Diawara ta fito a matsayinta, aka yanke mata bulala 40 saboda waƙa, 40 kuma saboda an same ta a ɗaki ɗaya da namiji. Tana durƙushe ana zuba mata bulala, kukanta ya rikiɗe ya koma waƙa. Samari kuma suka fito fili suna buga ƙwallo ba ƙwallo: ana gudu, ana ba da fasin, mai tsaron gida yana tsalle, ana murnar cin da babu shi. Da 'yan sintiri suka iso a kan babur, sai kowa ya waske kamar motsa jiki yake yi.

Dukkan waɗannan mutane Musulmi ne, kuma ba wanda fim ɗin ya sa ya tsaya yana rantsuwa cewa shi mai son zaman lafiya ne. Ba a kawo Bature ko ɗaya da za su yi wa bayanin kansu ba. Ba sojan ƙetare da ya diro ya cece su. Kyamara ta zauna a cikin gari, a gefen waɗanda ake zalunta, har mai kallo ya ga cewa baƙin su ne masu bindiga: wasu Larabci suke yi, wasu Faransanci, wani Turanci, ba sa iya magana da mutanen da suke mulka sai da tafinta. Sissako ya maida tafintan nan wani salo na musamman. Hukuncin rai da mutuwa yana bi ta baki biyu ko uku kafin ya isa kunnen wanda za a kashe.

Limamin

Tauraron da ya fi jan hankalinmu bai fi fitowa uku ko huɗu ya yi ba. Dattijon limami ne mai sanyin murya. A fitowarsa ta farko 'yan bindiga sun shigo masallaci da takalmansu da makamansu, mutane suna ibada. Ya tambaye su abin da ya kawo su ɗakin Allah a haka. Suka ce jihadi suke yi. Ya nuna musu cewa a garin nan mai ibada da hankalinsa yake yi, ya roƙe su su fita a bar mutane su yi salla cikin natsuwa. Suka juya suka fita.

Daga baya ya zauna da shugabansu ƙafa da ƙafa. Bai ce masa jihadi ƙarya ne ba, bai kawo masa dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Ya ce shi ma jihadi yake yi, amma da zuciyarsa yake fama. Ya tambayi inda aka bar sassauci da yafiya. Da wani ɗan bindiga ya ɗauke wata yarinya ya aure ta bayan mahaifiyarta ta ƙi, limamin ne ya je ya ƙalubalanci auren bisa ƙa'idar shari'ar da suke cewa ita suka zo tsayarwa.

Wannan dattijo shi ya karya tarkon da muka ambata. Ya fi kowa a fim ɗin sanin addini, ya fi kowa riƙo da shi, kuma daga cikin addinin ya samo ƙarfin tsayawa gaban bindiga. A fim ɗin Holiwud, mai gemu da carbi da ya zauna a masallaci yana karatu alama ce ta cewa bam na nan tafe. A hannun Sissako shi ne mutum ɗaya da ya iya korar masu makami daga wuri da baki kawai. Ba mu ce ya yi nasara ba: an ci gaba da bulala, an jefe mutane, ba a dawo da yarinyar ba. Fim ɗin bai yi mana ƙaryar cewa hujja tana rinjayar harsashi ba. Abin da ya nuna shi ne gardamar tana gudana a cikin gida, tsakanin masu alƙibla ɗaya, kuma wanda ya ce Musulunci shi ne abin da ɗan bindigar ya faɗa, ya goyi bayan ɗan bindigar ke nan a kan limamin.

Bai kuma bar Musulmi su sha da sauƙi ba

Akwai amsar da ta fi sauƙi a bakin Musulmi duk lokacin da aka kai hari: ai waɗannan ba Musulmi ba ne, ko kuma turo su aka yi. Fim ɗin bai ba da wannan mafaka ba. 'Yan bindigarsa suna salla, suna kawo nassi, wasunsu sun yi imani da abin da suke yi har zuci. Kuma mutane ne irin kowa. Abdulkarim, ɗaya daga cikin manyansu, yana laɓewa bayan tudun rairayi ya sha sigarin da ya haramta wa jama'a, yana koyon tuƙin mota yana kame-kame, yana zuwa tantin Satima duk lokacin da ya san mijinta ba ya nan. Yaransu suna musu a kan Zidane da Messi bayan sun hana ƙwallo. Wani saurayi da ya bar waƙar gambara ya shiga cikinsu an tsayar da shi gaban kyamara ya yi shelar tuba, bakinsa ya kasa ɗaukar maganar.

Wasu sun zargi Sissako da tausaya wa azzalumai saboda wannan. A ganinmu wannan zaɓi ya fi dodon Holiwud ban tsoro, ya kuma fi shi amfani. Dodo ba ɗan kowa ba ne, ba ruwanmu da inda ya fito. Amma saurayin da ke son Messi, wanda ya taso a unguwa irin tamu, ya zauna gaban wani malami ya ji wani karatu, dole a tambayi wane ne malamin, wane ne ya yi shiru lokacin da ake karatun. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Wanda yake neman a yi wa addininsa adalci, shi ma ana binsa bashin kiran ɓarna da sunanta idan an yi ta da kabbara, ko a Timbuktu ne, ko a kwalejin ilimi ta Sakkwato inda gungun matasa suka kashe wata ɗaliba Kirista a Mayun 2022 bisa zargin ɓatanci, ba kotu ba alƙali.

Inda fim ɗin ya gaza

Duk da haka, ba za mu ce Timbuktu ba shi da aibu ba. Na farko, ya yi kyau fiye da kima. Iyalin Kidan suna kwance a kan rairayi mai laushi, ana kaɗa jita ana shan shayi, hasken yamma yana zuba kamar hoton kalanda. Wannan sahara ce irin wadda Bature mai yawon buɗe ido yake mafarki, kuma ta sa Kidan ya kusa zama wani sabon samfurin "Musulmin kirki": kyakkyawa, mai kiɗa, mai son 'yarsa, wanda ba wuya a so shi. Mutumin da ba shi da fara'a, mai tsaurin ra'ayi a gidansa, amma bai taɓa cutar da maƙwabcinsa ba, shi ma yana da haƙƙin kada a kira shi ɗan ta'adda, kuma shi ne ya fi yawa a duniya.

Na biyu, fim ɗin ya yi shiru a kan siyasa. Ba a nuna mana yadda makaman Libiya suka kwararo bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ba, ko tawayen ƙungiyar MNLA ta Abzinawa wadda ita ta fara buɗe ƙofa, ko juyin mulkin Bamako na Maris 2012. 'Yan bindigar kamar daga sama suka faɗo. Wannan shiru yana da tsada, domin idan aka cire siyasa da kuɗi da makami daga labarin tashin hankali, addini kaɗai ke saura a matsayin dalili. Masu suka sun kuma lura cewa a garin Walata na Muritaniya aka ɗauki mafi yawan fim ɗin ƙarƙashin kariyar sojan ƙasar, a lokacin da Sissako yake mai ba shugaba Muhammad Wuld Abdul'aziz shawara kan al'adu. Wannan bai rushe fim ɗin ba, amma ya isa ya sa mai kallo ya tambayi abin da aka zaɓa a bari a waje.

Na uku, a farko-farkon fim ɗin an nuna 'yan bindiga suna koyon harbi a kan sassaƙen itace na gargajiya. Hoto ne mai ƙarfi, amma yana iya sa baƙo ya ɗauka faɗan tsakanin Musulunci ne da al'adun Afirka. Abin da aka rushe a Timbuktu a 2012 hubbaren malamai da waliyyai ne na Musulmi, laifin da ya sa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 a 2016. Abin da aka cinna wa wuta a Cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013 littattafan Musulunci ne na rubutun hannu. Waɗanda suka yi kasada da ransu suka kwashe dubban ɗaruruwan irin waɗannan littattafai a akwatuna zuwa Bamako, ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Haidara, su ma Musulmi ne. Da fim ɗin ya tsaya a kan wannan, da hujjar limamin ta ƙara nauyi.

Abin da ya shafe mu

Ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Daga ƙasar Mali Wangarawa suka zo Kano da karatu a zamanin Sarki Yaji, kuma irin wutar da ta ci Timbuktu ta ci mu. A shekarar da fim ɗin ya fito, ranar 28 ga Nuwamban 2014, aka tayar da bama-bamai aka buɗe wuta a babban masallacin Juma'a na Kano, mutane sama da ɗari suka rasu a sahun salla. A Fabrairun shekarar aka kashe Shaikh Muhammad Auwal Albani a Zariya, malamin da ya daɗe yana yi wa Boko Haram raddi, kuma Shekau ya fito ya ɗauki alhakin kisan. Wanda ya ce Musulunci ne ya kai harin Kano, me zai kira waɗanda suka mutu suna fuskantar alƙibla?

Muna da namu limamin kuma, ba a fim ba. A Yunin 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Malam Abubakar Abdullahi, limamin Nghar Yelwa, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Amurka ta karrama shi a 2019. An yi ta yabonsa a matsayin abin mamaki, kamar tsuntsun da ba a saba gani ba. Yabon ya dace, mamakin ne ke da ayar tambaya, domin yana nuna abin da aka riga aka zata daga limami.

To, an yi adalci? Tashin hankali da sunan Musulunci gaskiya ne, yana da malamansa da littattafansa, kuma wanda aka kashe wa ɗa ba zai ji daɗin a ce masa ruɗu yake gani ba. Amma hukunta addinin mutum kusan biliyan 2 da shi yana buƙatar wata dabara ta ba da labari: a ɗauki makashi a matsayin wakilin addinin, a maida wanda aka kashe da wanda ya yi tirjiya kayan adon fage. Timbuktu ya juya kyamarar, shi ya sa ya cancanci kallo duk da gazawarsa.

Saura marubutanmu. Elnathan John ya gwada a Born on a Tuesday na 2015, inda almajiri Ɗantala ya ga yadda ɗalibin malaminsa ya ɓalle ya ɗauki makami, amma da Turanci ya rubuta. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya taɓo 'yan gudun hijira da samarin da aka ruɗa. Ƙagaggun labaranmu na Hausa, waɗanda dubban mutane ke karantawa a waya kullum, har yanzu sun fi sakewa a falon attajirai. Ga malamin tsangayar da ya ƙi ba da almajiransa, ga matar da ke sayar da ƙosai a bakin sansanin gudun hijira a Maiduguri, ga ladanin da ya koma kiran salla a masallacin da aka wanke jini jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan za a rubuta su, a rubuta su da fushinsu da rowarsu da son zuciyarsu, kada a wanke su tas don a burge baƙo. Ba sai mutum ya zama waliyyi ba kafin a daina yi masa kallon mai ɗauke da bam.